Buhun Duwatsun Kawu

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi a ɗakinsa na Jikwoyi, wata unguwa a gefen Abuja, yana kishingiɗe, rediyonsa na kan ƙirji tana ta magana ita kaɗai. Na Allah ne mu, kuma can za mu tarar da shi. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Na zauna a gidajen makoki da yawa, amma ban taɓa ganin inda masu gaisuwa suka kasa daidaita bakinsu a kan mamaci ba sai a wannan.

Tagar ɗakin da muke zaune tana kallon rumfar maza, don haka komai a kunnena aka yi shi. 'Yan kasuwar layinmu, Kanawa da Zazzagawa da suka daɗe suna sahu ɗaya da shi, kowa ya ce mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Sai wani ya gyara murya ya ce, "Sai dai duwatsun nan." Wani mai keke ya ce, "Ni oga ya taɓa ba ni ɗaya na riƙe, ya ce me na ji. Na ce nauyi. Kawai sai ya karɓe abinsa, bai ƙara cewa komai ba."

A cikin gida ma haka. Maƙwabciyarmu 'yar Gbagyi mai sayar da doya ta shigo tana kuka da gaske, ta rungume ni ta ce, "Anti, Baba ya tafi, Baba mai kyau. Amma wannan dutse da yana ajiye, na aradu ne fa, kar yara ya taɓa." Wata ta raɗa wa ta kusa da ita cewa zinare ne a ciki. Wata ta ce ai maganin tsari ne, shi ya sa ɓarawo bai taɓa shiga shagonsa ba. Ina jin su, raina yana ɓaci, amma da wata ta juyo ta tambaye ni kai tsaye, ni ma sai na tsinci kaina ina gyara ɗaurin ɗankwali.

Maganar duk a kan buhu ɗaya ce da ke ƙarƙashin gadonsa, cike da duwatsu. Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma a gidansa na tashi, ni da Umma, bayan rasuwar mahaifina. Yana da wa guda ɗaya a ƙauyenmu na ƙasar Katsina, wanda muke kira Kawu Babba. Washegarin rasuwar ya iso, ya saurari abin da ake faɗa a rumfa, ya shigo ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Kafin in koma, buhun nan zai bar gidan nan. Ba za a yi wa ɗan'uwana addu'a ana raɗe-raɗin tsafi ba. A kai su kwarin bayan unguwa a zubar." Ni kuwa na san a cikin buhun akwai dutse ɗaya da nake ganin nawa ne, ko da yake bai taɓa cewa ya ba ni ba.

Kawu ya zo Abuja tun tana daji, lokacin da ake yanka tituna. Direban katafila ne. Yakan ce shi ya fara gaisawa da ƙasar garin nan kafin masu manyan riguna su zo su hau kai. Wata rana suna aikin hanya wajen Abaji, bakin katafila ya kankare wani tudu kusa da rafi. Da ya sauko zai yi alwala sai ya ga dutse a cikin jar ƙasa, mai faɗi a gindi, mai tsini a kai, an ɓantare gefensa ta fuska biyu, ɓantara kusa da ɓantara. Ya nuna wa leburori, suka ce gatarin aradu ne, tsawa ce ke jefo shi, ya yar da shi maza. Ya ce aradu ba ta da haƙurin zama tana gyara gefen dutse. Ya nuna wa injiniya, shi kuma ya juya shi sau ɗaya ya ce na mutanen dā ne.

"Oga, wane dā?"

"Dā can can," in ji injiniya, ya wuce abinsa.

Wannan "can can" ɗin ita ta hana Kawu sakat har ya koma ga Allah. Daga ranar, duk inda katafilarsa ta bi sai ya sauko ya bi bayanta a ƙafa, kansa a sunkuye kamar wanda allura ta ɓace masa. Aljihunan rigunansa duk sun yage. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta gaji da ɗinki ta daina.

Ya kai wa liman dutse ɗaya bayan sallar asuba. Liman ya duba ya ce wataƙila na Adawa ne. Kawu ya ce, "Allah gafarta, Adawan da aka ce tsayinsu kamar dabino? Wannan ai a hannunsu tsakuwa ce." Liman ya yi dariya ya ce to Allah ne masani. Kawu ya dawo gida yana gunaguni, wai wannan kam ya sani tun kafin ya fita.

Sai rediyo ta zo ta ƙara dagula lissafi. Wata ranar Lahadi aka yi wani shiri, aka ce tun kafin mutane su yi kama da mu, an yi wasu halittu masu tafiya da ƙafa biyu, masu ƙaramin kai, suna fasa dutse da dutse su sami abin yankan nama. Aka ce a hankali, cikin zamanin da ba ya ƙirguwa, kai ya yi ta girma, hannu ya yi ta laushi, kayan aikin suka yi ta kyau. Har nan Kawu yana gyaɗa kai. Da aka zo inda aka ce mutum da biri tushensu ɗaya a can nesa, sai ya murɗe rediyon da ƙarfi har maɓallin ya kusa fita.

"Ni ba jikan biri ba ne!"

Ya tashi ya zagaya tsakar gida, ya dawo ya kunna. An gama shirin, ana tallan maganin sauro. Ranar ko tuwon dare bai ci da daɗi ba.

Daga nan ya samo wata magana da ya riƙa juyawa kamar waina, har muka haddace. "Na ga biri a Abaji yana jifa da dutse. Amma ban taɓa ganin biri ya zauna yana gyara dutse saboda aikin gobe ba. Wanda ya yi wannan ya san gobe. In ya san gobe, mutum ne. In mutum ne, ɗan Adam ne. In ɗan Adam ne, me ya sa aka ce kansa ƙarami? In kuma ba ɗan Adam ba ne, to ɗan wane ne?" Sai ya yi istigfari, ya tashi ya tafi masallaci, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Wani lokaci nakan ji kamar in toshe kunne. Ban taɓa ganin wannan tambaya ta rage masa raka'a ɗaya ba, haka kuma ban taɓa ganin sallar ta kashe tambayar ba.

Akwai abin da ya kamata a sani game da Kawu: bahago ne. Yana yaro an ɗaure masa hannun hagu da tsumma har ya koyi ci da gaisuwa da dama, amma wuƙa da guduma da sandunan katafila duk da hagu yake kama su. Ni ma bahaguwa aka haife ni. Umma ta sa ni a gaba, duk abin da na ɗauka da hagu sai na ji muciya a ƙashin yatsu. Wata rana na maƙale a bayan randa ina kuka, sai Kawu ya kira ni. Ya jawo buhun, ya lalubo wani dutse baƙi-baƙi ya ɗora mini a tafin dama.

"Rufe ido. Ya zauna?"

Na ce a'a, yana tokare ni.

Ya mayar mini da shi hagu. Babban yatsana ya faɗa cikin wani ɗan lotsi, sauran yatsun suka kwanta a bayansa, kaifin ya kalli waje. Kamar an auna hannuna aka yi shi.

"Kin gani? Wani ya riga mu, ni da ke. Tun kafin a sassaƙa muciya."

Ya leƙa wajen Umma ya ce, "Ta ci da dama, ta gaisa da dama, wannan addini ne. Sauran a bar mata hannunta." Umma ba ta iya musu da yayanta, muciya ta koma tukunya. Da wannan hannun nake rubuta abin da kuke karantawa. Inna kuwa, da ke tankaɗe a gefe, ta taɓe baki ta ce, "Dutse dutse ne, ba shi da dama ba shi da hagu." Kawu ya miƙa mata ta gwada, ta ce hannunta da gari. Duk tsawon zamansu ya sha miƙa mata, kullum hannunta da wani abu.

Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya bar tuƙi, ya buɗe ɗan shago a bakin titin Jikwoyi yana sayar da adduna da fartanyu da wuƙaƙe. Muka ce alhamdu lillahi, an rabu da dutse. Ashe zama ya samu. Wata Asabar ya hau mota ya tafi Uke, wajen masu fasa dutse, ya dawo da kaya a leda, ya baza tabarma a tsakar gida ya ce zai yi irin nasu da hannunsa. Ya yi ta bugu. Dutse ya ƙi fashewa, ko ya tarwatse gaba ɗaya. Ya daki babban yatsansa har farcen ya yi baƙi ya fita. Kaji suka ƙaurace wa gidan. Rigimar ta tashi ne ranar da wani ɓallin dutse ya yi tsalle ya faɗa tukunyar miyar kuka, wani baƙo da ya zo daga Zariya ya tauna shi.

Inna ta fito da ludayi a hannu. "Malam, wuƙaƙe cike da shagonka, na ƙarfe, masu ƙota, ka zo kana neman wuƙa a cikin dutse? A gaban baƙo? So kake a ce na dafa wa mutane tsakuwa?"

Ta kinkimi buhun da ledar duka ta watsar a ƙofar gida, ana yayyafi. Kawu ya fita ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, yana goge kowanne da gefen rigarsa. Suka yi kwanaki ba mai yi wa wani magana sai ta bakina. Ranar da ya yi sa'a wani siririn ɓalli ya fita da kaifi, sai ya taho da shi a tafin hannu kamar ɗan tsako, ya tsaya a bakin madafa ya ce ta yanka albasa da shi. Ta harare shi, ta karɓa, ta yanka. Albasa ta rabu biyu sumul.

"To, ya yanka. Sai me?"

Kawu ya yi tsaye yana kallon albasar. "Sai me ɗin ne ban sani ba."

Dariya ta ƙwace wa Inna, da haka suka shirya. Da yamma ya ce mini, yana ɗaure yatsa, "Ba ƙarfi ba ne. Sai ka ga wuƙar a cikin dutsen kafin ka buga. Ni da ba ni da malami, ga yadda na yi da hannuna. Su akwai wanda ya zauna kusa da su ya ce buga nan, kar ka buga can. To da wane baki ya faɗa? Wane yare?" Na ce Kawu don Allah ka bar ni in yi wanke-wanke.

Sau ɗaya tak wanda ya san abin ya taɓa ganinsu. Ɗan maƙwabcinmu da ke jami'a ya zo da malaminsu mai binciken kayan tarihi. Mutum mai ladabi, ya cire takalmi, ya zauna a tabarma ya kasa duwatsun kashi uku. Ya ce waɗannan hannu ne ya yi su, babu shakka. Waɗannan kuwa duwatsu ne kawai, wasunsu ma da alama bakin katafilar ne ya ɓantare su. Waɗannan na ukun bai sani ba. Ya tambayi inda aka ɗauko kowanne, da zurfin ƙasar. Kawu ya ce wasu Abaji, wasu wajen Karshi, wasu ya manta. Malamin ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Baba, da an san wurin da za a iya faɗin shekarunsu. Dutse in ya bar ƙasarsa, rabin labarinsa ya tafi." Na ga fuskar Kawu ta faɗi, kamar wanda aka ce masa ya shekara yana sallah ba alƙibla.

Baƙin dutsenmu yana cikin kashi na uku. Kawu ya ɗauko shi ya yi bayanin hagu. Malamin ya ce masana suna ganin tun can akwai bahagwai, amma riƙo kaɗai ba hujja ba ne, kowane dutse yana iya zama a hannun wani. Kawu ya ɗauki rabin maganar na farko ya bar masa na biyun. Da baƙin suka tafi, ya tattara kashi ukun duka ya zuba a buhu ɗaya ya girgiza. Na ce Kawu ka gauraya su! Ya ce, "Sun daɗe tare."

Shi ya sa da na je na durƙusa a gaban Kawu Babba bayan addu'ar uku, ban zo da komai a hannuna ba sai zafin rai. Na ce, "Kawu, wallahi ba tsafi ba ne."

"To mene ne?"

"Kayan aikin mutanen dā ne."

"Duka?"

"Wasu."

"Waɗanne?"

Bai jira amsa ba, ya ɗora:

"Waɗanne mutanen? Na zamanin wane Annabi?"

"Tun kafin..."

"Kafin wa?"

Na ji haushin Kawu a lokacin, haushi na gaske, da ya tafi ya bar ni da tambayarsa ba tare da ko rabin amsa ba. Na zaci Kawu Babba zai yi mini faɗa. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Haka shi ma ya riƙa yi mini duk zuwansa gida. Ni ban ce ɗan'uwana matsafi ba ne. Amma bakin mutane ba zan iya bi ɗaya-ɗaya in rufe ba, buhu kuwa zan iya ɗaukewa." Ya kalli hannuna na hagu da na dafa ƙasa da shi, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Tsumman nan ni na ɗaura masa, mahaifinmu ya sa ni. Je ki ɗauki ɗaya. Ɗaya fa."

Na juye buhun a tsakar gida. Na bi su da hannun hagu, ina rufe ido kamar yadda ya koya mini, mata suna kallona suna taɓa juna. Wannan ya yi girma, wannan ya tokare, wannan santsi. Na sake bi daga farko. Babu shi. Na duba ƙarƙashin gado, na duba aljihunan rigunansa, na je murhun da aka girka na masu dafa abincin baƙi ko wata ta ɗauka ta tokare tukunya. Na tambayi mai doya, ta ce ita ko da kuɗi ba za ta taɓa ba. Har na fara tunanin ko dama babu wani dutsen hagu, ko ƙuruciya ce ta sa na ji abin da Kawu yake so in ji.

Aka mayar da sauran buhu, aka ɗora a baro. Na bi su har bakin kwarin da ruwa yake zaizaya a bayan unguwa. Aka zazzage. Suka gangara cikin jar ƙasa, na hannu da na katafila da na ban-sani-ba, cikin ledoji da fasassun robobi. Ban ɗauki ko ɗaya ba. Na tsaya ina tunanin wata rana wani zai zo da katafila ya tono su a Jikwoyi, ya rasa yadda aka yi dutsen Abaji ya zo nan. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sanar da shi abin da ya yi ta tambaya a nan bai samu ba.

Da na dawo, ɗakin Inna na nufa, kuma ba da alheri ba. So nake in ce mata ta huta, abin da ta shekara tana nema an yi mata. Tana zaune a tabarmar takaba, ta lulluɓa da hijabi, carbi a hannun dama. Tun ranar rasuwar ba wanda ya ga hawayenta. Na ce, "An zubar." Ta ce, "Na ji ƙarar baro." Ta ce in miƙo mata ruwa. Na miƙa kofi, ta ajiye carbin ta karɓa, sai gefen hijabin ya zame daga ɗaya hannun nata da ke kan cinya.

Ga shi nan, baƙi-baƙi, babban yatsanta a cikin lotsin.

"Inna!"

"Rufe mini baki, kar yayan nasa ya ji. Tun ranar da ya iso na cire."

"Ke da kika ce dutse dutse ne?"

"Har yanzu ma dutse ne."

Na zauna a gefen tabarmar. Duk roƙon da na yi a gaban Kawu Babba, a nan na kasa cewa ta ba ni. Na daɗe ina kallon hannun, sannan na ce, "To me ya sa kika riƙe shi a hagu?"

Ta ja hijabin ta rufe, ta ɗauki carbinta. Sai a lokacin na ga hawayen ya gangaro.

"Na gwada a dama," in ji ta. "Ba ya zama."